Zabarmari: Garin Baƙin Da Ke Ciyar Da Yerwa

Akwai garuruwa a ƙasar nan waɗanda ba a jin sunansu a rediyo sai ran da wata masifa ta auka musu, Zabarmari kuwa tana cikinsu. In aka tsai da mutum a Kano ko a Zariya aka tambaye shi abin da ya sani game da ita, amsarsa ba za ta wuce guda ba, watau can ne aka yi wa manoma yankan rago a shekarar 2020. Wannan gaskiya ne, kuma za a zo kansa. Amma fa tun kafin wannan rana akwai gari a wurin, da masallatansa da kasuwarsa da makarantun allonsa, akwai kuma dalilin da ya tara jama'a a can, wanda shi ne har yau yake hana su tashi. Duk wanda bai san wannan dalili ba, ba zai gane abin da ke kai mutum gona da lauje a hannu ba, alhali ya san akwai masu bindiga a dajin.

Zabarmari tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, wajen kilomita 20 arewa maso gabas da Maiduguri, kusa da Khaddamari inda hedkwatar ƙaramar hukumar take. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, ba dutse ba tudu, ido ya yi ta tafiya har ya gaji bai ci karo da kome ba sai ƙaya da 'yan itatuwa jefi-jefi. Ruwan sama kaɗan ne, wajen milimita 600 a shekara, yawancinsa kuwa a Yuli da Agusta yake sauka. Bisa ga ƙa'ida irin wannan ƙasa ta gero ce da wake. Abin da ya mai da ita ta shinkafa kogi ne.

Kogin Ngadda daga fadamun dajin Sambisa yake tasowa, inda ruwan Yedzaram da ke gangarowa daga duwatsun kudu yake taruwa. Ya biyo ta Alau, ya ratsa tsakiyar Maiduguri, sa'an nan ya nufi arewa maso gabas. Da ya bar gari kaɗan sai ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya baje cikin wani makeken kwari mai baƙar laka, ya kwanta a can. A takardun gwamnati ana kiran wannan kwari da sunan da ke nufin kwanon Jere, kuma lalle wanda ya raɗa sunan ya iya kwatance, gama ruwa yana shiga ne ya zauna kamar an zuba shi a akushi. Lakar ba ta saurin shanye ruwa. Tana riƙe shi watanni bayan ɗaukewar damina, ta bar danshi a ƙasa har cikin rani. Zabarmari a bakin wannan kwano take zaune, kuma dukan tarihinta a cikinsa yake.

Sunan garin kansa shi ne shaida ta farko a kan waɗanda suka kafa shi. A harshen Barebari, in aka liƙa “ri” a ƙarshen sunan mutum ko na ƙabila, ana nufin mazauninsu ke nan. Haka aka sami Hausari da Fulatari da Shuwari, unguwannin Hausawa da Fulani da Larabawan Shuwa, da kuma Shehuri, unguwar Shehu. To, Zabarmari ita ce mazaunin Zabarmawa. Mai karatu ya dubi nisan tafiyar. Ƙasar Zabarmawa tana can yammacin Jamhuriyar Nijar, wajen Doso da Yamai da Tilaberi, da kuma iyakar Kabi, tafiyar da ta haura kilomita dubu daga Barno. Su kuwa mutane ne da aka sani da yawon neman arziki tun da daɗewa. Su ne a ƙarni na 19 suka kafa mulki a arewacin ƙasar Gana ta yau ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu, su ne kuma suka cika kasuwannin Kumasi da Ankara a zamanin Turawa. Don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da sunansu a gabas.

Hanyoyin da ke kawo mutumin yamma Barno ba ɓoyayyu ba ne. Akwai karatu, domin tun fil azal wanda yake son haddar Alƙur'ani gabas yake dosa. Akwai aikin hajji, domin kafin jirgin sama hanyar ƙasa ta Barno take bi, ta shiga Cadi, ta bi Abeshe, ta faɗa Sudan har bakin Bahar Maliya, kuma sau da yawa guzuri yakan ƙare wa alhaji a hanya ya tsaya ya yi noma shekara ɗaya, shekara ɗaya ta zama goma, har ya aurar da 'ya'yansa a wurin. Akwai fatauci, akwai kuma ci-rani. A yau Hausa ce harshen da ya fi yawo a bakin mutanen Zabarmari, kuma da yawansu in aka bi salsala za a tarar kakanninsu daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara suka fito. Wannan ma akwai hikima a cikinsa. Bakabe ko Basakkwace da ya tashi a fadamun gulbin Rima, ya ga yadda ake noman shinkafa a Argungu tun yana goye, in ya iso kwarin Jere ya ga ruwa kwance bisa baƙar laka, ba ya bukatar malamin gona ya gaya masa abin da za a shuka.

Sai dai shinkafa ba ta da amfani ga manomi fiye da cikinsa sai da mai saye, mai sayen kuwa Turawa ne suka kafa shi ba da niyya ba. Bayan da aka kashe Rabe a Kusuri a shekarar 1900, Kukawa ta riga ta zama kufai. A shekarar 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, sabon garin da aka gina kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri a bakin Ngadda, inda Turawan Ingila suka kafa barikinsu. Daga nan gari ya yi ta bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, a 1967 Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 aka yi Jihar Barno. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara bakunan da za a ciyar, ma'aikata da ɗalibai da soja da 'yan kasuwa, mutanen da ba sa noma amma suna cin tuwo sau biyu a rana. Ƙauyukan kwarin Jere suka zama rumbun birnin. Da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da tattasai da ganyaye, ga kifin da ake kamawa in ruwa ya fara janyewa.

Yadda baƙo yake zama ɗan gari a ƙasar Barno abu ne mai tsari. Akwai bulama a kan unguwa ko ƙaramin ƙauye, sama da shi lawan, sama da lawan hakimi, sa'an nan Mai Martaba Shehu. Baƙon da yake son gona bulama yake samu, ta hannun wanda ya saukar da shi, a nuna masa fili, ya riƙa yin alheri in ya yi girbi. In ya zauna lafiya da mutane, bayan 'yan shekaru ba mai kiransa baƙo sai a wajen wasa. Da haka aka sami gari inda Bahaushe da Babarbare da Bashuwa da Bafillace suke sahu ɗaya a masallaci, yaro ya tashi da harshe biyu ko uku, a gaisa da “wushe” a amsa da “lafiya lau”. Ana samun saɓani, musamman tsakanin mai gona da mai shanu in kaka ta yi, domin ciyawar fadama da ruwanta kowa yana so. Amma saɓani ne irin na mutanen da suka san gobe ma za su haɗu a kasuwa.

Shekarar mutumin Zabarmari da ruwa ake lissafa ta. Kafin saukar damina ake gyaran gona, a ɗaga kunyoyin da za su tare ruwa, a tanadi iri. In ruwan sama ya jiƙa ƙasa a yi shuka, shinkafa ta tsiro ta yi ƙarfi kafin ruwan kogi ya iso. A nan ne dukan cacar take. In kogi ya zo da wuri, ya tarar da shuka tana ƙarama, sai ya nutsar da ita. In ya makara, ko ya zo kaɗan, sai ta bushe tana shirin fid da kai. In kuwa ya zo daidai, to manomi ya shiga ruwa har gwiwa yana cire ciyawa, sauro yana cizo, yana addu'ar kada jan-baki ya sauka, domin wannan ɗan tsuntsu in ya zo da rundunarsa, gonar da aka yi wata huɗu ana wahala a kanta a yini guda yake gamawa da ita. Yara ke tsaron tsuntsu, da gwangwani da majajjawa, tun asuba har faɗuwar rana. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ake yanka. Lokacin ne gari yake zama kamar an share shi da rana, kowa yana gona, ana yanka da lauje, ana tarawa, ana bugu, ana shiƙa, ana ɗurawa a buhu. Lokacin ne kuma ake biyan bashi, a ɗaura auren da aka daɗe ana ɗagawa, a sake jinkar ɗaki ko a sa kwano, a sai wa yara kayan makaranta.

Rabin aikin shinkafa kuwa a cikin gida ake yinsa, kuma mata ke yi, ko da yake ba a cika lissafa su ba in ana maganar manoma. Shanshera ba ta ciyuwa sai an gyara ta, sau da yawa kuwa gumi ake yi. A jiƙa ta, a turara a manyan tukwane ko rabin ganga, a shanya bisa tabarma ko leda ana juyawa, sa'an nan a kai inji a cashe. Mace mai gumi takan sayi buhu ɗaya ko biyu da kuɗin adashi, ta gyara, ta sayar, ta sake saye, da ribar take yi wa 'yarta kayan ɗaki. Tsakanin gona da tukunyar matar birni akwai mai amalanke da mai itace da mai inji da mai awo da dillali da direba da ɗan dako, kowa da ɗan abin da yake samu. Saboda haka in aka ce an hana noma shekara guda, ba mai gona kaɗai aka hana ci ba.

Akwai kuma wasu mutane da ba a iya girbi sai da su, watau 'yan ƙwadago. Shinkafa in ta nuna ba ta jira, kuma hannun gida ba ya isa. Kowace kaka samari sukan taso daga Sakkwato da Kabi da Zamfara da wasu wurare, su bi hanyar da kakannin masu gonakin suka bi, su sauka a zaurukan 'yan garinsu, a ɗauke su yanka, wani a biya shi da kuɗi wani da shanshera. Wasu su koma gida da guzuri, wasu su zauna. Har gobe da haka garin yake ƙaruwa.

Gwamnati ta daɗe da sanin arzikin da ke ƙasar Barno, sai dai idonta ya fi karkata ga manyan ayyuka. A shekarar 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi, aka kashe maƙudan kuɗi a kan aikin noman rani na Marte, aka haƙa magudanai domin jawo ruwan tafki a noma alkama da shinkafa. Ba a daɗe da buɗe aikin ba tafkin ya janye ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa. Farin 1973 da na 1984 sun rage Tafkin Cadi daga faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 zuwa abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Ana wannan hidima, manomin kwarin Jere yana nan da fartanyarsa da laujensa, bai daina kai shinkafa kasuwa ba.

Aikin da ya taɓa shi kai tsaye shi ne madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan Ngadda kudu maso gabas da Maiduguri tsakanin 1984 da 1986, mai ɗaukar ruwa kimanin mita miliyan 112 na awon cikin tafki. Manufarta ita ce ba birni ruwan sha, da tare ambaliya, da kuma taimaka wa noman rani. Ba mai musun cewa birni yana bukatar ruwan sha. Amma daga ran da aka toshe kogi, ruwan da ke zuwa kwarin Jere ya tashi daga hannun damina kaɗai ya koma hannun mai riƙe da makullin ƙofar madatsa. Dā manomi sama yake duba. Yanzu sai ya dubi sama kuma ya kasa kunne ya ji ko an buɗe Alau, da yaushe, da kuma nawa aka saki. Wanda yake yanke wannan shawara a ofis yake, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kada famfon birni ya ƙafe. A shekarar 1994 ruwa ya fi ƙarfin madatsar ya mamaye Maiduguri, wanda ya isa ya zama gargaɗi.

Sa'an nan aka shiga zamanin tashin hankali. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009. A watan Mayu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, a shekarar nan kuma samarin gari da aka sani da 'yan ƙato-da-gora suka tashi suka taya soja korar 'yan bindiga daga cikin birni. Birni ya sami sauƙi, amma waɗanda aka kora ba sama suka tashi ba, daji suka shiga, dajin kuwa shi ne gonakin mutane. Garuruwa irin su Zabarmari suka zama bakin iyaka: a bayansu birni da ramin da aka haƙa kewaye da shi da shingayen soja, a gabansu filin da ba mai iko da shi. Ran 3 ga Yuli 2015, cikin watan azumi, aka kai wa garin hari, mata masu ɗauke da bam suka shiga cikin jama'ar da ke gudu suka ta da shi, mutane da yawa suka rasu. Duk da haka garin bai watse ba. Hasali ma ƙaruwa ya yi, domin mutanen ƙauyukan da aka ƙone nan suka fake, kamar yadda fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwarara Maiduguri da kewayenta a waɗannan shekaru.

To, ga jama'a ta ninka, ga filin da ake iya nomawa cikin aminci ya tsuke. Hukumomin tsaro sun taƙaita sayar da wasu irin takin zamani domin ana haɗa bam da su, sun kuma iyakance nisan da manomi zai iya zuwa. A ɗaya gefen kuwa Gwamnatin Tarayya tana ta kiran jama'a su koma gona. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kabi, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin ƙasa domin hana shigowa da shinkafar waje. Farashi ya tashi. Gonakin kusa da gari ba su isa kowa ba, na nesa kuwa ga su can kwance cikin ruwa, ba mai nomawa. Mutum mai iyali goma, wanda ya ƙi zaman jiran rabon tsaba a sansanin gudun hijira, ina zai nufa? Aka yi ta matsawa gaba kaɗan-kaɗan. A wurare da dama manoma sun shiga biyan 'yan bindiga wani abu daga amfanin gona domin a bar su su yi girbi, abin da kowa ya sani amma ba mai son faɗa a fili.

Ran Asabar 28 ga Nuwamba 2020, ranar da ake zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Barno karo na farko cikin shekara 13, manoma da 'yan ƙwadago daga Zabarmari suna yankan shinkafa a gonakin Koshebe, wajen iyaka da ƙasar Mafa. 'Yan bindiga suka zo suka tattara su, suka ɗaure su, suka yanka su. Washegari Lahadi aka jera gawa 43 cikin likkafani a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin waɗanda suka yi musu salla. Daga baya an ci gaba da samo wasu gawawwakin a daji. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya, Edward Kallon, ya fara ambaton mutum 110, kana ofishinsa ya janye adadin ya ce gommai ne. Abubakar Shekau da mutanensa suka fito suka ce su suka yi, suka ce 78 suka kashe, wai ramuwa ce domin manoma sun kama wani ɗan'uwansu sun miƙa shi ga jami'an tsaro. Saɓanin adadin nan shi kansa yana da abin da yake nunawa. Da yawa daga cikin mamatan baƙi ne 'yan ci-rani, ba wani littafi da aka rubuta sunayensu ran da suka iso, saboda haka ba a iya cewa ga wanda ya ɓace sai in wani ya zo cigiya. Akwai gidaje a ƙasar Sakkwato da labarin ya isa gare su a makare, ta bakin abokin tafiya.

Ana cikin makoki sai mai magana da yawun Shugaban Ƙasa, Malam Garba Shehu, ya gaya wa gidan rediyon BBC cewa manoman ba su sami izinin soja ba kafin su shiga wannan yanki. Jama'a suka yi masa ca, daga baya ya yi bayanin cewa ba laifi yake ɗora wa mamatan ba. A bar zancen ko ya kyauta ko bai kyauta ba, domin maganar ta tona wani abu da ya fi ta girma. Shinkafar da ake yanka a Nuwamba tun damina aka shuka ta. Wata huɗu ko biyar mutane suna fita daga gari kullum safiya suna wuce shingen tsaro, suna dawowa da yamma. In wurin haramtacce ne, me ya sa ba a tsai da su ran shuka ba? In kuwa ba haramtacce ba ne, ina masu tsaronsu ran girbi, ranar da kowa ya san ita ce ɓarawo yake jira? A watan Oktoba na shekarar nan an riga an kashe manoma 22 a hare-hare biyu a gonakin kusa da Maiduguri. Ba za a ce ba a ga hadari ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Tawagar Gwamnatin Tarayya ƙarƙashin Shugaban Majalisar Dattawa Ahmad Lawan ta zo ta'aziyya. Majalisar Dattawa ta nemi a sauke manyan hafsoshin soja, aka sauke su ran 26 ga Janairu 2021. A watan Mayu na 2021 Shekau ya mutu a Sambisa a faɗansa da ɓangaren ISWAP, dubban mabiyansa da iyalansu suka miƙa wuya. Gwamnatin jiha ta ƙarfafa rakiyar manoma, da soja da 'yan Sibil Difens masu tsaron gonaki da 'yan ƙato-da-gora da maharba, a fita da mutane da safe a dawo da su kafin la'asar. Wannan ya taimaka, kuma ya kamata a faɗa. Amma rakiya tana da iyaka, gona kuwa ba ta san agogo ba. A watan Nuwamba na 2023, a kakar shinkafa kuma, a wannan yanki dai, an sake kashe manoma fiye da goma. Satar mutane a gona domin kuɗin fansa ita ma ta zama wani sabon haraji.

Ba a gama da wannan ba sai ruwa ya zo da nasa. Ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shafe babban ɓangare na Maiduguri da Jere, ya raba mutane wajen 400,000 da gidajensu, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Kasuwar Litinin, har namun dajin gidan zu suka fito. Hotunan da duniya ta gani na birni ne. Amma ruwan da ya ratsa birni ba inda ya nufa sai kwanon Jere, domin nan ne magangararsa tun asali, kuma ya iso ne a watan da shinkafa take tsaye a gona. Bayan nan kuma sai matsala ta juya: madatsar da ta fashe ba ta riƙe ruwan da za a yi noman rani da shi. Manomin da ya yi asara saboda yawan ruwa a Satumba, shi ne ya koma neman ruwa da injin ban-ruwa da man fetur mai tsada a Janairu.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar da faɗaɗa ta, aka kuma ƙaddamar da aikin. Siminti da ƙarfe za su tare ruwa, amma ba su ne za su faɗi ranar da za a buɗe ƙofa ba. Ya kamata tun yanzu a rubuta ƙa'idar sakin ruwa zuwa kwarin Jere, a san watan da za a saki da yawan da za a saki, a kuma sanar da manoma ta bakin lawanai da bulamai da rediyo kafin su zuba iri, kada su ji labari sai ruwa ya iso gona. Ya kamata a wurin da ake yanke wannan shawara a sami kujerar mutanen da ke ƙarƙashin madatsa. Haka nan zancen tsaro: a fayyace tun watan Mayu iyakar inda za a iya rakiya, a gaya wa jama'a a fili, wanda gonarsa ta faɗa waje a nema masa wata a ciki, maimakon a bar shi ya zuba dukiyarsa sa'an nan a tambaye shi takardar izini ran girbi. Su kuma 'yan ƙwadagon da ke zuwa daga yamma, littafi guda a zauren lawan ya isa a rubuta sunan kowa da garinsu da wanda ya saukar da shi, aikin da bai fi ƙarfin malamin makaranta ɗaya da alƙalami ba.